Samfurin zubi: na katako, na alminiyom ko na roba, wanne ya dace ka saya?

Ƴan uwa masu sana'ar zubi, tun daga Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara har Jega da Birnin Kebbi, maganar samfur nake so mu yi, abin nan da ake dannewa da ƙasa cikin akwati ya bar siffarsa, a zare shi a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Yara masu buɗe sabuwar rumfa kuɗinsu duk kan murhu da injin hura wuta da buhunan gawayi yake ƙarewa, in aka zo kan samfur sai ka ji sun ce ai kowace tukunya aka samu ta yi. Wallahi ba haka ba ne. Duk aibin da ke jikin samfur sai ya fito jikin kowane kaya da ka zuba da shi, in ɗari ka zuba to ɗari ɗin nan duk da aibin za su fito, kuma kai ne za ka zauna da magagari kana gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Mafi arha dai shi ne ka shiga kasuwa ka sayi tukunya mai kyau ka raba ta biyu ka mayar da ita samfur, kuma mafi yawanmu da haka aka fara, ba laifi ba ne. Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka yi. Alminiyom in ya huce yana tsukewa, wajen milimita 13 a kowace mita, kusan kashi 1.3 cikin ɗari kenan. Tukunyar da bakinta ya kai santimita 50 wadda za ta fito daga gare ta za ta ragu da kamar milimita 6. Zubi ɗaya ba kowa zai lura ba. Matsalar ita ce samfurin ya lalace ka ɗauki ɗiyarsa ka mayar samfur, ita ma ta lalace ka ɗauki jikanya, to kafin ka farga tukunyar da kake kira mai cin mudu kaza ta daina cin hakan, murfin da wani ya zuba ya ƙi zama a kanta, mai abinci ta dawo maka da kaya tana faɗa kuma tana da gaskiya. Don haka in wannan hanyar za ka bi, sayi biyu iri ɗaya, ɗaya ta shiga ƙasa, ɗayar ka adana ta a matsayin uwa, kada ta taɓa shiga aikin yau da kullum, sai dai a ɗauko ta a gwada awo ko a fitar da sabon samfur.

Sai na katako. Ni a ganina ga kayan da suke da kauri, irin su fuli na injin niƙa, tandar masa, mazaunin boris, ƙafar inji, babu abin da ya kai katako sauƙin farawa, domin kafinta mai hannu zai fitar maka da shi cikin kwana kaɗan, ba nauyi, in kana son canza wani wuri ka sassaƙe ko ka liƙa ƙari. Amma ga tukunya mai siririn jiki kada ma ka fara, katakon da aka fefe ya yi siriri haka ba ya jure dannar ƙasa, tsagewa zai yi. Wajen zaɓen icce maɗaci ya fi, yana karɓar sassaƙa, fuskarsa tana yin sumul kuma ba ya yawan murɗewa in ya bushe sosai. Malaina ta fi arha kuma tana da taushin aiki, sai dai gefunanta suna saurin cinyewa. Ƙirya kuwa bar ta a wajen gawayi da turmi, taurinta zai wahalar da kafinta a banza. Filawud yana yi in aka liƙa shi hawa hawa, amma ranar da laima ta shiga tsakaninsa ya fara ɓarewa shi kenan.

Babban abokin gaban katako a ƙasar nan tamu shi ne sauyin yanayi. Damina ya sha laima ya kumbura, hunturu ya zo iska ta busar da shi ya tsage, ga gara kuma tana jira in ka ajiye shi a ƙasa. Kuma ka tuna ƙasar zubi ita kanta da danshi ake aiki da ita. Shi ya sa samfurin katakon da ba a shafe shi da banish ko fenti ba ni ba na kiran shi gamamme, a shafa sau biyu ko uku ana bi da samfefa mai laushi tsakani, har ciki da ƙasansa inda ido ba ya gani, tunda ta nan ruwa ke shiga. Wani abin da ke kashe shi da wuri shi ne yadda yara ke kafa ƙusa a jikinsa suna bugawa don ya saki ƙasa, yau nan gobe can har ya zama duk huji. Ka sa a ɗaura masa ɗan farantin ƙarfe mai rami da zaren ɗaura noti, nan za a riƙa bugawa nan za a riƙa ɗagawa. Gyaransa kuwa da sauƙi, ƙaramin rami filar masu gyaran jikin mota ta isa, in gefe ne ya karye a yanke wurin a dasa sabon guntun icce da gam, kada a cika babban gurbi da fila zalla don za ta ɓalle watarana cikin ƙasa.

Na alminiyom shi ne dokin aiki, in abu ne da kake zubawa kullum kamar tukwane da kasko da ludayi to nan za ka ƙare ko ba jima ko ba daɗe. Ba ruwansa da laima, ba ruwansa da gara, ba ya tsatsa, yana sakin ƙasa lafiya in an goge shi. Wurin da ake cutar mai saye shi ne wajen awo. Samfurin alminiyom shi ma zuba shi aka yi, ya riga ya tsuke sau ɗaya, kayan da za su fito daga gare shi su ma za su sake tsukewa, don haka uwar katakon da aka fitar da shi daga gare ta dole a ƙara mata sau biyu, wajen kashi 2.6 in alminiyom za ka zuba. In baƙin ƙarfen zubi ne irin na faifan injin niƙa, shi tsukewarsa wajen kashi 1 ne, jan ƙarfe mai ruwan rawaya kuma wajen 1.5, to ka ga samfur ɗaya ba zai ba ka awo ɗaya a ƙarafa daban daban ba. Ka tambayi mai yi maka, Malam nawa ka ƙara na tsukewa? In ya tsaya yana kallonka ka ɗauki kuɗinka ka yi gaba.

Gyaran na alminiyom ya ɗan fi wuya. In ya loɓa kada ka hau shi da guduma kamar kwanon rufi, zubabben alminiyom tsagewa yake yi. Ƙananan ramuka gam mai haɗi biyu irin Araldite yana riƙewa da kyau in an kankare wurin an wanke maiƙo. Tsaga babba sai walda ta iskar gas ɗin agon, amma zafinta yana iya karkatar da siririn jiki, in an gama sai ka haɗa ɓarin biyu ka duba ko bakinsu na haɗuwa daidai. Wannan bakin da ɓari biyu ke haɗuwa shi ne wurin da ya fi cinyewa, in ya buɗe za ka riƙa ganin tudun layi a jikin tukunya, gefe guda kauri gefe guda siriri, kuma siririn nan ne ke fara yoyo.

Na baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe na manyan masana'antu ne masu zubi da inji, nauyi da tsada, a wuce wurin.

Yanzu kuma akwai na roba da ake bugawa da injin 3D, mai gina abu hawa hawa daga zanen kwamfuta, ana samun masu yi a Kano da Kaduna da Abuja. Ina ganin amfaninsa ƙwarai ga masu gyaran injin ban ruwa na fadamun Argungu da Jega, domin fankar cikin injin in ta karye siffarta da wuyar sassaƙawa da hannu, amma yaron da ya karanci injiniyan kanikanci a Poli ta Ƙauran Namoda ko Waziri Umaru ta Birnin Kebbi in ya iya zanen kwamfuta zai zana ta har da ƙarin tsukewa a ciki. Sai dai robar da aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi tun wajen digiri 60, kuma kowa ya san zafin watan Afrilu a nan yana wuce 40 a inuwa, balle a bar ta cikin mota ko kusa da murhun da ke narka alminiyom a 660. Ga kuma layi layi da injin ke bari a jiki, dole a cike a goge in ba haka ba ta riƙe ƙasa. Ni shawarata ka ɗauke ta a matsayin uwa, ka fitar da na alminiyom daga gare ta, ita ka ajiye ta wuri mai sanyi.

In na hannu za ka saya wajen wanda ya bar sana'a ko ka je kasuwar Panteka a Kaduna, kada ka biya sai an danna shi a ƙasa a gabanka an zare. Ka duba ko gefunansa na da ɗan gangare, digiri 1 zuwa 3 ya isa, in a miƙe suke sak ko sun cinye har sun koma ciki to duk zarewa sai ya ɓaro ƙasa. Ka auna kaurin jiki a wurare da yawa, ka ɗaga shi a rana ka nemi tsaga, ka kankare fenti kaɗan ka ga abin da aka ɓoye a ƙasa.

Abin da za ka nema musamman a ƙarƙashin fentin nan shi ne faci da dalma. Wasu suna cike ramin samfurin ƙarfe da dalmar liƙi ko ta tsohon batir don tana narkewa da sauƙi, ranar da samfurin ya mutu kuma sai a jefa shi cikin narki tare da sauran tarkace, ta shige tukunyar da za a dafa wa yara tuwo. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana bayani ba, a 2010 gubar dalma daga aikin zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Facin dalma ana gane shi, ya fi alminiyom duhu da taushi, bakin wuƙa yana shiga cikinsa ba wuya. In ka samu irin wannan samfurin ka ƙwaƙule facin tas ka maye gurbinsa da gam mai haɗi biyu, in kuma facin ya yi yawa ka yi masa alama da jan fenti ka gaya wa yaran shago kada ya kusanci narkin kayan abinci.