Wankin saiwar haƙori: ra'ayina kan aikin da aka yi wa turmina

Duk wanda aka ce masa jijiyar haƙorinsa ta mutu, kuma yana tunanin a cire shi a huta, ina ba shi shawarar ya fara sauraron likitan da ke wankin saiwa. Ni an yi wa turmina na ƙasa wannan aiki, kuma na gamsu ƙwarai, ko da yake ina da ƙorafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta sallame ni da kafso ba. Ta yi mini bayani cewa idan jijiya ta mutu, jini ya daina shiga cikin haƙorin, maganin da aka haɗiya kuwa jini ne ke kai shi inda ake buƙata. Don haka ko an sha amoksisilin, ƙwayoyin cutar da ke cikin saiwar suna nan daram. Dole a kai musu magani har inda suke.

Haka kuwa ta yi. Bayan allurar kashe zafi, ta rufe bakina da wata 'yar roba, haƙorin kaɗai ya leƙo, don kada miyau ya shiga, kada kuma ruwan wankin ya taɓa dasashi. Ta huda, ta share hanyoyin saiwar da wasu siraran ƙarafa, tana yi tana kurkurewa da sodiyam haipokolorait, wanda warinsa na bilic ne sak. Ta bi da sinadarin EDTA, wanda ke kwashe dattin da ke toshe ƙananan kafofin jikin haƙori, domin a cikinsu ƙwayoyin ke ɓuya. Sannan ta cusa kalsiyam haidoroksaid har ƙarshen saiwar, ta toshe da cikon wucin gadi. Wannan farin magani tun 1920 Hermann, wani likitan Jamus, ya shigo da shi aikin haƙori. Ƙarfinsa ya kai kusan 12.5 a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin sinadari da shi, yana zaune a ciki yana kashe ƙwayoyi a hankali.

Na tambaye ta ko ya isa shi kaɗai, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce akwai Enterococcus faecalis, ƙwayar da ke jure masa, kuma ita ake yawan samu a haƙoran da aka yi wa aiki bai yi nasara ba. Shi ya sa ta fi ba wankin muhimmanci, har ta girgiza ruwan da na'ura don ya ratsa lungu. Wannan gaskiyar ce ta kwantar mini da hankali.

Ƙorafina: ba a gargaɗe ni cewa tauna za ta yi zafi bayan zaman farko ba, har na tsorata na zaci aikin ya lalace. Muƙamuƙi ma yana gajiya, don bakin yana daɗewa a buɗe, kuma sai na roƙa kafin aka ba ni abin tokarewa.

Da na koma, kumburin dasashin ya sace. Ta wanke maganin, ta cike saiwar da gata-faca, wani ciko mai kama da roba, ta ɗauki hoto ta nuna mini cikon ya kai ƙarshe. Saura a sa wa haƙorin hula don kada ya tsage. Idan za ka je, tun kafin a fara ka tambaya ko za a sa maka robar nan, da kuma wane magani za a bari a cikin saiwar.