Farin soso da ifoksi, ko PU da ruwan fayibar masu gyaran bamba?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka haɗa allon hawa ruwa a gida nan Kaduna, cikinsa soso, bayansa fayiba, kuma shawara ta rabu biyu: wani ya ce soson PU (soso mai tauri na foliyuretan) da ruwan foliyesta, wato ruwan da ake jiƙa ƙyallen fayiba da shi ya daskare, wani ya ce farin soso na EPS (irin wanda ke zuwa cikin kwalin talabijin) da ifoksi, wani ruwan jiƙa fayiba da ake haɗawa da maganin daskarewarsa. Kana tambaya wanne ya fi.

Bari in fara da haɗin da ba a yi sam: farin soso da foliyesta. Ruwan fayibar da masu gyaran bambar mota ke aiki da shi foliyesta ne, akwai sinadarin sitayirin a cikinsa, kuma yana narkar da farin soso kamar yadda fetur ke yi masa. Kana shafawa allon na lotsewa a gabanka. Ifoksi kuwa yana zama lafiya a kan kowane soso.

PU da foliyesta ita ce tsohuwar hanya, tun ƙarshen shekarun 1950 a Kalifoniya. Soson yana da daɗin sassaƙa, samfefa na bin sa sumul, ruwan ma ya fi araha. Ana ɗiga masa maganin daskarewa na MEKP kashi 1 zuwa 2 cikin 100, amma a zafin Maris da Afrilu na garin nan zai iya kamewa a roba kafin ka kai rabin allo. Ga wari mai hawa kai, ga saurin tsagewa idan ya bugi dutse. Babbar matsalar dai samun soson ne, don a masana'anta ake zuba shi a ma'auni ya fito da siffar allo, sai dai ka yi oda daga waje. Kada wani ya ce maka ai soson katifa ma PU ne. Dangi ɗaya ne, amma na katifa laushi gare shi kuma shan ruwa ne aikinsa.

EPS ya samu karɓuwa sosai bayan Disambar 2005, lokacin da kamfanin Clark Foam, wanda ke samar da akasarin soson allunan Amurka, ya rufe kwatsam. A wajenmu shi ne mai sauƙin samu, tunda masu adon gini suna aiki da shi. Nemi mai tauri, kilo 24 zuwa 32 a kowace mita kubik; mara nauyin nan zai lotsa ƙarƙashin diddigenka. Ana yanka shi da waya mai zafi, a saka siririn katako a tsakiya daga kai zuwa wutsiya don kada ya karye. Ifoksi ya fi tsada, ya fi ƙarfi, kuma ba ya son kintace. Idan kamfanin ifoksin ya ce ruwan biyu, maganin daskarewa ɗaya, biyu da ɗayan za ka auna. Ƙara maganin ba ya sa shi saurin bushewa, danƙo kawai zai bar maka. Sa safar hannu, don yawan taɓa fata na jawo ƙaiƙayin da ba ya rabuwa da mutum.

Raunin EPS biyu ne, kuma na biyun ya fi shafar mu. Idan bawon ya huje, ruwa na bin tsakanin ƙwayoyin soson, dole a tsane shi kafin a like. Sannan cikinsa kusan duk iska ce. Ka bar shi a rana ko cikin mota a rufe, iskar ta kumbura, fayibar ta ɗaga ta rabu da soso. Saboda haka ka sa masa ɗan murfin shaƙar iska, ka yi masa farin fenti, ajiyarsa a inuwa. Shafa ifoksin ma da yamma ya fi, lokacin da zafi ke sauka, soson na zuƙar ruwan maimakon ya riƙa huro kumfa. Da hunturu kuma rufe ɗakin, ƙura na manne wa aiki.

Ni dai EPS da ifoksi zan ce ka bi. Tunda ba mu da igiyar teku irin ta Tarkwa Bay a Legas, allon tsayuwa da filafili ne zai yi maka amfani a ruwa kwantacce: tsawo wajen mita 3.2, faɗi santimita 80, kauri 11 zuwa 12. Kowace lita ta girman allo na ɗaukar kilo ɗaya, kuma ɗan koyo na son allon da litocinsa suka kai aƙalla ninki biyu na kilon nauyin jikinsa.

Wajen ƙyallen fayiba, sayi saƙaƙƙe mai giram 200 a murabba'in mita, shimfiɗa biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Bar mai warwatsattsen gashin nan na gyaran bamba, yawancinsa don foliyesta aka yi shi, kuma yana shan ifoksi har allon ya yi nauyi. Gwajin farko ka yi shi a ruwa mara zurfi da rigar hana nutsewa, kada kuma ya zama a Kogin Kaduna cikin Agusta da Satumba.