Mai gyaran da ya tambaye ni kafin ya taɓa rumbun kwamfutata

Yawancin masu gyaran kwamfuta da na sani a filazojin Ahmadu Bello Way a Kaduna ba sa tambaya. Ka miƙa rumbun ajiya, a danna fomatin, a karɓi kuɗi, a kira na gaba. Wannan shagon kuwa, ɗan ƙarami a saman bene, inda fanka ɗaya ke faman kaɗa zafi, ya sha bamban, kodayake ba komai nasa na yaba ba.

Sabon rumbu mai terabait 2 na kai a saka wa kwamfutar gida, da wani tsohon na waje wanda ya ƙi karɓar bidiyon walimar 'yata. Fili yana nan birjik, amma da na tura sai ya ce fayil ɗin ya fi ƙarfinsa. Injiniyan ya jona, ya leƙa, ya ce: "Baba, lafiyarsa ƙalau. FAT32 aka yi masa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura gigabait 4, ko da rumbun wayam yake." FAT32 ɗin tsarin ajiye fayiloli ne a rumbu, tun 1996 yake, zamanin Windows 95, lokacin da ba wanda ke ajiye bidiyon biki a kwamfuta.

Daga nan ya ajiye sukudireba ya shiga jero mini tambayoyi. Wa da wa ke amfani da kwamfutar? Akwai Mac, wato kwamfutar Apple, a gidan? Ana jona rumbun a talabijin? Sai kuma wadda ban zata ba: "Unguwarku ya wuta take?" Na ce masa Unguwar Rimi nake, kuma ana ɗaukewa ba sallama kamar ko'ina.

Ashe a nan maganar take. NTFS, wani tsarin ajiye fayiloli da Microsoft ta fito da shi a 1993, yana da wani ɗan kundi da yake rubuta canjin da zai yi kafin ya yi shi, kamar mai kanti da ke shigar da bashi a littafi kafin ya miƙa kaya. In wuta ta yanke ana tsakiyar aiki, da an kunna zai duba kundin ya daidaita kansa. Ya kuma faɗa mini gaskiya cewa kundin nan tsarin rumbun yake karewa, ba lallai ya ceci fayil ɗin da ake cikin rubutawa ba. Wani tsarin kuma, exFAT na 2006, ba shi da wannan kundin. Yana ɗaukar manyan fayiloli, Windows da Mac duka suna karanta shi suna rubutawa, amma in aka fizge waya ko wuta ta tafi a mummunan lokaci, sai ka ga babbar jakar fayiloli ta ƙi buɗuwa. Don haka ya yanke: na cikin kwamfuta NTFS, ba ciniki. Na wajen kuma exFAT, saboda 'yar tawa MacBook take riƙewa, shi kuwa Mac yana iya karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai sai an ƙara masa wata manhaja. Ya ja kunnena kada in mai da na wajen ma'ajin dindindin, na kai da kawo ne kawai, kuma a riƙa sallamarsa daga kwamfuta kafin a zare.

Autana, mai son Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa maimakon Windows, ya riga ya cika mini kunne da tsarin ext4, cewa shi ne na ƙwararru. Injiniyan bai kushe shi ba. Ya ce tsari ne mai ƙwari, tun 2008 ake dogaro da shi a Linux, kuma shi ma yana da kundin. Matsalar ita ce Windows ba ya gane shi, har ma yakan fito da saƙon cewa a yi wa rumbun fomatin. "A gidan da yara ke danna 'eh' ba karatu, Baba, wannan saƙon kaɗai ya isa ya share hotunan shekara goma." Ya ce a yanka wa yaron nasa ɓangaren daban in yana so, tunda Linux ɗin yanzu yana hulɗa da exFAT ba wahala tun da Microsoft ta saki bayanan tsarin a 2019.

To ga inda ya gaza. Ya ce in dawo bayan Azahar, ban karɓi kayana ba sai da ake shirin kiran Magariba. Na san kwashe bayanai kafin fomatin yana cin lokaci, amma ai shi ya fi ni sanin haka tun da safe. Yaron shagonsa kuma ya cusa mini wasu manhajoji da ban nema ba, sai da na sa aka cire. Kuɗin aikin ya ɗara na maƙwabtansa, rasit ma sai da na roƙa. Ya kuma matsa mini in sayi UPS, na'urar da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a wurinsa. Shawarar daidai ce, farashin ne bai yi ba, na samu irinsa da rangwame a Kasuwar Gumi. Mai ciwon gwiwa kuma ya aiki yaro, don matakalar benen a tsaye take.

Duk da haka can zan sake komawa, kuma can na tura maƙwabcina. Bidiyon ya hau, ana ɗauke wuta kwamfutar na tashi lafiya. Talabijin ɗin falo ne kawai, tsohon yayi, ya ƙi ganin exFAT sam. Shi na ware masa ƙaramin filashi mai FAT32, autan ya yanka bidiyon gida uku, haka Hajiya ke kallonsa da baƙinta.