Tsohon gida, sabon bene ko layin baya: wanne mai iyali zai saya a unguwar da ake yayi?

Da zarar unguwa ta yi suna, an ce makarantunta na da kyau, ga filin wasan yara, ga titi mai inuwa, sai kuɗin gidajenta ya tashi ba tare da an ƙara ko bulo ɗaya ba. Wani kaso na kuɗin da za ka biya na sunan ne. In kuma da bashin banki za ka saya, ka san cewa bashin shekara 25 a kan ruwa na kashi 6 cikin 100, kafin ka gama biya ka zuba kusan ninki biyu na abin da ka ranta. Ke nan duk abin da ka ƙara don suna, kusan sau biyu za ka biya shi.

Tsohon gida a tsakiyar unguwa shi ne ke saurin shiga rai. Ɗakuna masu faɗi, fili a baya inda yara za su yi guje-guje, bishiyoyin da wani ya yi wahalar rainonsu. Sai dai sabon fenti mugun maƙaryaci ne. Ka zo da injiniyanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Kai ma ka ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin, ka shafa gindin bango ka ji ko filasta na ɓarɓashi. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace ita ke iya nuna harsashi ya motsa. Buɗe famfo biyu lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa, ka tambayi yaushe aka canza wayoyin lantarki. Mai ƙananan yara kuma ya sa a gwada tsohon fentin ƙofofi da tagogi, don wani na ɗauke da gubar dalma, mai illa ga ƙwaƙwalwar yaro, ga shi yaro komai ya samu sai baki.

Fulat a sabon bene ya raba ka da wannan ciwon kai, amma ya haɗa ka da kuɗin hidima na gadi, shara da lif, wanda ba kasafai yake sauka ba. Nemi lissafin shekaru 3 da suka wuce, ka ga ko akwai asusun da aka ware don manyan gyare-gyare. In babu, ranar da rufi ya yi yoyo kan mazauna za a raba. Duba takarda da kyau: mallaka ce ta dindindin ko haya ce mai dogon wa'adi, irin ta shekara 99? Nawa ya rage? Ka kuma kwatanta kanka a hawa na 6 da keken jariri ranar da lif ya tsaya. Wanda ba a gama ginawa ba kuwa, hoto kake saye.

Ni dai layin baya nake kai mutum, wato gefen unguwar, tafiyar minti 10 a ƙafa. Filin wasan ɗaya ne, kasuwar ɗaya ce, hayaniya ta ragu, sau da yawa kuɗin ma ya sauka. Tarkon guda ne: a wasu biranen da adireshi ake ɗaukar yara a makarantar gwamnati, titi ɗaya na iya fitar da kai daga iyakar yankin da makarantar ke ɗauka. Wannan a ofishin makarantar ake tambaya, ba a bakin mai sayarwa ba.

Kowanne ka zaɓa, kada ka tsaya a ziyarar da dillali ya sa wa lokaci. Koma da sassafe lokacin kai yara makaranta ka ga cunkoso, koma a daren ƙarshen mako ka ji ko za a iya barci, sannan ka jira a tafka ruwan sama ka je ka ga inda yake kwanciya.