Tsofaffin kuɗin gado: a sayar ko a adana?

Tun da muka buɗe adakar marigayi Baba a Ringim muka tarar da ƙunshin anini da sisi da sulalla, ake ta tambayata: a kai Kasuwar Kurmi ne, ko a ajiye?

Sayarwa ta fi sauƙi, kuma tana kashe gardamar magada, tunda naira ake rabawa. Sai dai mai saye kuɗin goro yakan yi wa ƙunshin. Anini da kwabo masu huda an buga su tuli, ba su da tsada. Amma sulen 1913 zuwa 1919 azurfa ne, ba irin na tagulla da ya biyo baya ba, don haka a ware shi kafin ciniki.

Ajiyewa ba ta cin ko sisi, sai gwangwani da laima ba ta shiga. Haɗarinta yara da masu son gyara. Ƙanwata ta dirje guda goma da toka da tsamiya, wai su yi ƙyalli, nan take darajarsu ta faɗi.

Idan magada na da yawa, ko marayu na jira, a sayar bayan an taya wurare biyu ko uku. Wanda rabonsa ne shi kaɗai, kuma ba ya cikin matsi, ajiyewa ta fi masa.