Bargar haya a Legas: abin da na gani a turke da abin da na karanta a takarda

Wata takwas ke nan da na kawo dokina, wani akawal da na saya a Katsina, na ajiye shi a wata bargar haya da ke kan hanyar Lekki zuwa Epe, gaba da Ajah. Kulob ɗin folo na Ikoyi, wanda ya samo asali tun 1904, na mambobinsa ne, saboda haka yawancin masu doki ɗaya ko biyu irina bargogin 'yan kasuwa muke nema, mu biya kuɗin wata, su ci da dokin su shayar da shi.

Ta fuskar kiwo ba ni da ƙorafi. Harawa daga Arewa ake kawo musu ita, ana ba da dusa da gero a kan lokaci, kanwa ba ta yankewa. An ɗaga daɓen ɗakunan yadda ruwan damina ba ya kwanciya, abin da yake da muhimmanci a garin da laima ke ruɓar da kofato. Da almuru ana sauke raga a tagogi saboda ƙananan ƙwarin nan masu yaɗa cutar dawakin Afirka, kuma dattijon da ke kula da dokina, mutumin Zazzau, yakan bi kunnuwansa da ƙarƙashin wutsiyarsa da hannu kowace safiya yana neman kaska.

Matsalar tana cikin yarjejeniyar da aka ba ni na sa wa hannu, shafi huɗu da Turanci, wadda ban karanta da natsuwa ba sai bayan wata biyu. Sakin layi na bakwai ya ce barga ba za ta ɗauki alhakin mutuwar doki ko rauninsa ko sace shi ba, ko da sakacin ma'aikatanta ne ya jawo. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mun taso da sanin cewa wanda aka ba amana ba ya biya idan abu ya salwanta ba da laifinsa ba, amma idan sakaci ya tabbata to lamuni ya hau kansa. Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ma ba ta yi nisa da haka ba: wanda ya karɓi ajiyar dukiya a kan lada, shi ne zai nuna wa kotu cewa ya yi iya kulawar da ta kamata. Kotuna sukan ƙuntata ma'anar irin wannan sharaɗi na kuɓutar da kai, kuma dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018 ta buƙaci a jawo hankalin mutum zuwa gare shi kafin ya amince. Ni dai ba wanda ya nuna mini shi. Sai dai kuma shari'a a Legas tana cin lokaci da kuɗin da suka iya wuce darajar dokin, don haka gyaran takarda tun farko ya fi sauƙi.

Da na tambayi manaja ko suna da inshora, ya amsa da e, kuma ya kyauta da ya fito mini da takardar. Abin da ta ƙunsa shi ne gobarar gine-gine da raunin baƙi masu ziyara. Dawakan mutane da ke hannunsu ba sa ciki, wato idan wuta ta tashi a ɗakin harawa, kamfanin inshora zai biya rufi da bango, masu dawaki kuwa su koma gida da ragama. Na tabbata da yawa daga cikin maƙwabtana a bargar sun ji kalmar inshora sun kwantar da hankalinsu ba tare da sun san wannan bambanci ba.

Dole mai doki ya nemi tasa. Wadda na samu ta mutuwa da sata ce, bayan likitan dabbobi ya duba dokin ya rubuta shekarunsa da lafiyarsa, aka kuma amince da darajarsa a rubuce. Kuɗin magani ba ya ciki, haka nan duk ciwon da yake da shi kafin ranar da inshorar ta fara aiki. Ƙa'ida a ƙasar nan ita ce idan ba a biya kuɗin inshora ba to babu kariya, saboda haka jinkirin sabuntawa na mako guda yana iya zama asarar doki sukutum. Ya kamata a tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora a Najeriya, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba yana iya tuntuɓar kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, waɗanda hukumar ta fitar musu da ƙa'idojin aiki a 2013.

Daren da ya sa na fahimci nauyin waɗannan sharuɗɗa shi ne wanda ciwon ciki ya kama dokin. Wajen ƙarfe biyu ya fara tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, gumi ya jiƙa masa wuya, yana neman kwanciya ya yi birgima. Takarda ta ce ba za a kira likita ba sai da izinin mai doki, wayata kuwa a kashe take. Dattijon ya kira likitan da kansa, ya kwana yana zagayawa da dokin a fili. Da safe ya ce mini, "Alhaji, a gafarce ni, na karya doka, amma ban iya zuba ido ba." Na ce, "Baba, ni ne da godiya." Wannan sharaɗi bai kamata ya dogara da ƙarfin halin ma'aikaci ba. Abin da ya fi damuna shi ne wani sakin layin ya ba manaja ikon yanke shawarar kashe dokin da ya ga ba zai tashi ba, alhali kamfanin inshorata ya sharɗanta a sanar da shi, likita kuma ya tabbatar, in ba haka ba ba zai biya ba.

Akwai kuma sharaɗin da ya ce duk ɓarnar da doki ya yi, ko ya harbi mutum ko ya tsinke ya fasa gilashin mota, mai shi ne zai biya, ba a ware lokacin da ma'aikacin barga ne ya bar ƙofa a buɗe ba. Wannan ya kai ni ga tambayar makomar masu kula da dawakan idan aka harbe su. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, amma manajan bai iya nuna mini shaidar rajista ba, kuma waɗannan bayin Allah su ne kullum a bayan kofato.

Da lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, na nemi gyara. Sun yarda a kira likita nan take idan ba a same ni ba, zuwa wani adadin kuɗi da muka rubuta, sun kuma yarda ba za a kashe doki ba sai da takardar likita da sanarwa ga kamfanin inshora. Sun soke kalmar sakaci daga sakin layi na bakwai bayan doguwar muhawara. Inshorar dawakan da ke hannunsu da rajistar ma'aikata kuwa har yanzu alkawari ne. Dokina yana nan wurinsu saboda kiwon da yake samu, kuma zan iya tura mutum can, da sharaɗin ya kai takardar wurin lauya kafin ya sauke dokinsa daga mota.