Pad ɗin wankewa: ƙunzugu ne aka saka wa maɓalli

'Yan uwa mata masu tambaya ya na ga pad ɗin nan da ake wankewa a sake sawa, to ga ra'ayina. Saiti yake zuwa, gajeru na rana da dogo na dare, cikinsa auduga mai laushi, ta baya wani yadi da ba ya bari jini ya ratsa, sai fukafukai da maɓalli da za ki ɗame shi a jikin pant. Laushi kam ba a magana, babu ƙaiƙayi ko zafin nan da na yarwa yake sa wa wasu.

Tallar masu sayar da shi ce ta ban dariya, wai komawa ga hanyar matan da. Eh, matan Turai tun ƙarni na 12 har na 17 tsumman lilin suke ninkewa su yi ƙunzugu, su wanke su ajiye na wata mai zuwa, amma fa ba don daɗi ba ne, yawancinsu ko pant ba sa sawa a zamanin, doguwar shimi ce kawai a ƙarƙashin riga, sai dai a ɗaure tsumman a ƙugu ko shimin ta sha abin da ya zubo. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne ciki da shayarwa a jere, watannin da suke ganin al'ada ba su kai namu ba. Su kuma likitocin lokacin, irin masu littattafan likitancin mata da ake kira Trotula, na garin Salerno a Italiya, damuwarsu ita ce kar jinin ya tsaya, don sun ɗauka idan ya taru a jiki ciwo ne, har jijiyar ƙafa ake tsagawa wai don a jawo shi. Na yarwa irin Kotex sai wajajen 1920 ya shigo kasuwa, mai gam a baya kuwa sai kusan 1970.

To wahalar da matan can suka sha ita ce dai har yanzu a jikin wannan pad ɗin, wato wanki. Sai kin jiƙa shi a ruwan sanyi tukuna, in kika fara da na zafi tabon ya zauna ke nan, sannan sabulu, sannan shanya a rana har ya bushe ƙarau. Na daren nan mai kauri yana cin lokaci sosai, kuma don Allah kar ki kuskura ki sa shi da danshi. In kina waje kuma dole ki naɗe wanda kika cire ki saka a 'yar jakarsa ki yi ta yawo da shi har ki koma gida, ni wannan ne bai kwanta min ba.

Ranakun da jini ya ragu ko kina gida, na ba shi hannu. Ranar farko da ta biyu, ko doguwar tafiya, ki riƙe na yarwa a jaka.